MU HAU KEKE MU SAN ƘASAR ZURU

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Da yawa daga cikinmu in mun ji wannan karin magana sai hankalinmu ya tafi Kaduna ko Ikko ko ƙasashen Turai, kamar dai ba a samun ilmi sai an ƙetare Kwara. Alhali kuwa akwai ɗalibi a makarantar nan wanda zai iya jera maka manyan kogunan Afirka tun daga Nilu har Zambezi, amma in ka nuna masa dutsen da ake hangowa daga filin ƙwallo ka tambaye shi wane ƙauye ne a bayansa, sai ya sosa ƙeya. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, ya kamata mu ɗalibai mu koma wa keke, mu riƙa bin ƙananan hanyoyin da suka ratsa tuddai da duwatsun ƙasarmu, iyayenmu da malamanmu kuma su taimake mu mu yi haka cikin tsari. Na san akwai waɗanda za su yi dariya, akwai kuma waɗanda gabansu zai faɗi saboda halin da ake ciki. Kowanne ina da abin da zan ce masa, sai dai ina roƙo a yi haƙuri a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Da farko bari mu dubi ƙasar ita kanta. Wanda ya taso daga wajen Birnin Kebbi ko Argungu, inda ido ke gani har iyakar ƙarfinsa, da ya kusato Zuru zai ga abin ya sake. Ga tuddai, ga duwatsu, ga kwaruruka da rafuka, ga kaɗanya da ɗorawa ko'ina, domin ruwan sama ya fi yawa a nan. Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, watau Zuru, da Fakai, da Danko-Wasagu, da Sakaba. A cikinta akwai Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Acifawa, da Hausawa, da Fulani, da sauransu. A tafiyar yini guda mutum na iya jin harsuna uku ko huɗu. Ina kuma aji ya fi wannan?

Duwatsun nan ma littafin tarihi ne ga mai son karatu. A ƙarni na 19, zamanin hare-haren Nagwamatse na Kontagora, mutanen ƙasar nan da yawa a bisa duwatsu suka zauna, don daga can ake hango ƙurar mahaya tun daga nesa, dawaki kuma ba su iya hawa. Sai bayan da Turawa suka ci Kontagora a 1901 aka fara sauka sannu a hankali, ana kafa ƙauyuka a gindin dutse kusa da gonaki. Shi ya sa sau da yawa za ka ga gari a ƙasa, tsohon kufansa a sama. Malamin tarihi yana iya gaya mana wannan a allo, mu rubuta mu haddace. Amma sai ranar da ka turo keke zuwa rabin tudu kana haki, ka waiwaya ka ga gonaki shimfiɗe a ƙarƙashinka, sa'an nan za ka gane dalilin da ya sa kakanninmu suka zaɓi wahalar hawa da tulun ruwa a ka. Gani ya kori ji.

Wani zai ce, to me ya sa sai keke? Ga ƙafa, ga babur. Amsa ita ce, mai tafiya a ƙasa yana cin kamar kilomita 5 a awa guda, mai keke kuwa yana cin kamar 15 ba tare da ya takura kansa ba. Ke nan inda mai ƙafa zai ɓata yini, mai keke ya je ya dawo kafin rana ta take. Babur kuma ya fi sauri, gaskiya ne, amma saurinsa ne ke hana ka gani. Ƙararsa tana korar fakara da zabin daji tun kafin ka iso, idonka yana kan rami da kwana, wanda ka wuce a hanya ƙura kawai ka bar masa. Keke yana tsakiya. Yana kai ka nesa, ya kuma bar maka kunnenka ka ji kukan hasbiya da cilakowa, ya bar maka bakinka ka yi gaisuwa.

Wannan magana ta gaisuwa na gan ta da idona. Wata Asabar da kaka, mu uku muna turin kekunanmu a wani hawa, sai muka tarar da wani dattijo yana hutawa a inuwar ɗorawa, da damin dawa ɗaure a kariyar tsohon kekensa. Muka ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yawwa, sannunku 'ya'yana. 'Ya'yan wane gida ne ku?" Da muka faɗa, ashe ya san kakan ɗayanmu, tare suka yi aikin soja. Kafin mu rabu ya gaya mana sunan dutsen da harshen C'lela, ya nuna mana inda garinsu yake a da, ya kwatanta mana rijiyar da za mu sami ruwa mai kyau a gaba. Da a kan babur muke, da iyakarta ya ɗaga mana hannu.

Yanzu sai masu dariya. A wurin wasu 'yan'uwana ɗalibai, keke abin hawan talaka ne, ko na yaron da ake aike. Ku tambayi iyayenmu ku ji. A zamaninsu wanda ya sayi basukur sai an zo taya shi murna. Malamin makaranta, da malamin gona, da malamin asibiti, da sojan da ya dawo gida bayan ya gama aiki, duk a kan dokin ƙarfe ake ganinsu, an yi masa ado an goge shi yana walƙiya. Kasuwarsa ta kai har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwanni. Yara kuwa a wurin mai hayar keke suke koyo, a biya a yi 'yan zagaye. Keken bai sake ba, mu ne muka ɗauki girman kai muka aza wa kanmu.

Girman kan nan kuwa yana da tsada. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Kowa ya san yadda kuɗin kabu-kabu ya bi sahu. Ɗalibin da ke jeka-ka-dawo, in ya lissafa abin da mahaifinsa ke kashewa a kansa safe da yamma har zango uku, zai ga cewa kuɗin ya isa a yi maganar keke na hannu. Keke ba ya shan mai sai ɗan ɗigon da za a sa wa sarƙa. Cinsa iska, maganinsa faci. Ga shi kuma yana gina ƙafa da ƙirji. Mu da aka san ƙasarmu da kokawa da aikin soja da noman golmo, abin kunya ne a ce tudu ɗaya ya gagare mu.

Ƙasashen waje ma ba su raina shi ba. Tun 1903 ake yin babban tseren keke na Faransa, mafi wuyarsa kuwa ranakun hawan duwatsu ne. A 2024 wani ɗan Eritiriya, Biniam Girmay, ya ci zango uku a wannan tsere. Maƙwabtanmu na Burkina Faso suna da nasu tseren tun 1987. Ruwanda kuwa, wadda ake wa kirari da ƙasa mai tuddai dubu, ita ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Kigali a watan Satumba na 2025, karo na farko ke nan da aka yi ta a Afirka. Su tuddansu suka mayar abin alfahari. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ran 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya. To mu da Allah ya ba tuddai kyauta, me muke jira?

Sai dai ba kowace hanya ce ta dace da mai keke ba. A ganina hanyoyinmu iri uku ne. Akwai manyan hanyoyin mota, kamar wadda ta nufi Rijau da Kontagora, da wadda ta tashi daga Dabai ta bi ta Mahuta zuwa Koko, da wadda ta nufi Ribah. Waɗannan na manyan motoci ne da masu gudu, inda kwalta ta fashe kuma direba yakan bar hannunsa ya biyo naka, don haka a rage binsu, balle ranar kasuwa. Akwai hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka, waɗannan su ne nake magana a kansu, domin motar da ke binsu kaɗan ce. Sa'an nan akwai turbar gona da burtali, masu daɗin bi da rani, amma sai da wanda ya san su. Ƙasar ƙaramar hukumar Zuru kaɗai, daga Rikoto da Rafin Zuru zuwa Dabai, da Senchi, da Manga, da Isgogo, da Bedi, tana da irin waɗannan hanyoyi da za su ishe mu shekara ba mu gama ba.

Hawan tudu kuma yana da nasa ilmi. Keke mai giya yana da faranti masu haƙora manya da ƙanana a tayar baya. In ka mayar da sarƙa kan babban faranti, feda takan yi sauƙi, sai dai ƙafarka za ta yi juyi da yawa kafin ka ci ƙasa kaɗan. Ana sake giya tun kafin hawan ya yi tsanani, don in ka bari sai kana danna feda da ƙarfi, sarƙa na iya zamewa. Wanda kekensa irin na da ne marar giya, ya ɗauko ɗan gudu daga ƙasa, in ƙarfi ya ƙare ya sauka ya tura. Turin keke a tudu ba abin kunya ba ne, sannu ba ta hana zuwa. Kada ka yi gasa da na gabanka a farkon hawa, domin tudu yakan ɓoye rabinsa a bayan kwana.

Gangara ta fi hawa haɗari, a nan ne samari ke barin haƙoransu. Kafin ka bar gida matsa birki biyu ka tabbata suna kamawa. In kana gangarawa ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka riƙa matsa su tare a hankali, kana saki kana kamawa. Wanda ya danne birkin gaba shi kaɗai da ƙarfi, keken zai tsaya shi ya wuce. A rage gudu kafin a shiga kwana, musamman inda akwai tsakuwa, domin taya ba ta da riƙo a kanta. Mafi yawan gangara a rafi take ƙarewa, inda yashi ke kama tayar gaba. Da damina kuma rafin da ka ƙetare da safe ruwa iya idon sawu, in an yi ruwa a kan dutse yana iya cika ya tumbatsa kafin azahar, ko da ɗigo bai sauka a kanka ba. Kada a yi jayayya da ruwa, a jira ya wuce.

Guzurin mai keke kaɗan ne. Gorar ruwa, da famfo, da faci da sholisho, da sifana, da ɗan abin taɓawa kamar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, da hular kwano in da hali. Ƙaya ba ta sallama, saboda haka kowa ya koyi cire tayar ciki ya nemo huda a cikin ruwa ya liƙe da kansa. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, sa'ad da hanya ta bushe, ana girbi, ana shirin bikin Uhola. Da bazara kuwa, watannin Maris da Afrilu, wanda bai fita da sassafe ba gara ya zauna gida.

To, yanzu na zo kan maganar da ta fi nauyi, wadda na san tun ɗazu iyayenmu ke jira. Za su ce, yaro, kana maganar hanya mai shiru, ka manta abin da ya sa wasu hanyoyin suka yi shiru? Ban manta ba, Baba. Ban manta ba, Inna. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, suka kashe fiye da 60. Ran 17 ga Nuwamba, 2025, aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga da dare, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, 'yan'uwanmu, sa'o'inmu. An yi sa'a sun dawo gida, amma tsoron bai fita daga zukata ba. Akwai ƙauyukan da aka watse, akwai gonakin da suka koma daji. Uban da ya hana ɗansa fita bayan gari yana da hujja, ba kuwa zan ce ya yi laifi ba.

Abin da nake so a duba shi ne, shiru iri biyu ne. Akwai shirun hanyar da mota ba ta cika bi ba, amma kana haɗuwa da mata ɗauke da itace, da makiyayi, da manomi, da 'yan makaranta. Akwai kuma shirun hanyar da tsoro ya kore kowa, ciyawa ta rufe sawun taya. Na farko shi nake nema, na biyun kuwa a guje shi ko da rana tsaka. Amma in muka ɗauki dukan hanyoyin ƙasar Zuru muka sa su a kwando ɗaya, muka kulle kanmu tsakanin gida da aji, to mun ba ɓarayi kyautar abin da ba su ƙwata ba tukuna. Za mu girma baƙi a ƙasar haihuwarmu. Gobe in an ce mu ne malaman gona da likitoci da shugabannin ƙananan hukumomi, yaya za mu yi wa ƙauyen da ba mu taɓa takawa ba aiki?

Saboda haka ga shawarata. A kafa ƙungiyar masu keke a makarantar nan, kamar yadda muke da ta muhawara da ta manoma matasa, a ƙarƙashin kulawar malami. Na farko, ba wanda zai fita sai da yardar mahaifansa a rubuce. Na biyu, ba a fita ɗaiɗai, sai a ƙungiya, malami a gaba, babban ɗalibi a baya da kayan gyara. Na uku, kafin ranar fita a tuntuɓi mai gari ko hakimin inda za a je, da jami'an tsaro, in sun ce a dakata a dakata, ba gardama. Na huɗu, a fara da kusa, inda ana hangen gari kuma waya tana kamawa, a fita da hantsi bai yi ba a dawo kafin rana ta yi zafi. Na biyar, ba a sanar da hanya da lokaci a Facebook ko WhatsApp, hoto ma sai an dawo. Wajen iyakar Zamfara da Neja kuwa a bar shi sai Allah ya kawo sauƙi. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma ladabin shiga ƙasar mutane. A sauka a gaida manya. Kada a ratsa gonar da ba a girbe ba, kada a tsinki mangwaron da ba a ba ka ba. In an tarar da garken shanu a burtali, a tsaya su wuce. Wuraren da mutanen gari ke girmamawa, da tsofaffin kaburbura masu tukwane da siffofin yumɓu waɗanda aka san Dakarkari da su, a duba da ido, hannu kuwa a aljihu, in an ce ba a shiga a koma. Kowace fita kuma a dawo da abin hannu: wani ya zana taswirar hanyar, wani ya rubuta sunayen itatuwa da Hausa da C'lela, wani ya rubuto abin da tsofaffi suka faɗa. Cikin shekara biyu makarantar nan za ta mallaki littafin ƙasar Zuru wanda ɗalibanta suka rubuta da guminsu.

Ban ware 'yan'uwanmu mata ba. A Wagadugu mata suna hawan keke zuwa kasuwa da makaranta da goyo a baya, ba wanda ke waiwayarsu. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, mace ce, Ese Ukpeseraye, ta wakilci Nijeriya a tseren keke. Yarinyar da ke da keke tana isa aji da wuri, ta koma gida da rana a sama, wannan ma wani tsaro ne. A ba su ranarsu da malamarsu in haka ya fi wa iyaye kwanciyar hankali.

A ƙarshe ina kira ga hukuma ta riƙa tunawa da hanyoyin ƙauye in ana rabon aiki, domin kwalbati ɗaya da ruwa ya cinye yana raba ƙauye da kasuwa da asibiti damina guda cur. Ina roƙon tsofaffin ɗalibai su taimaka mana da kekuna ko da goma ne, da akwatin kayan gyara. Iyaye kuma, wanda ke da tsohon keke rataye a zaure ko jingine a bayan rumbu, ya sauko da shi a kai wa mai gyara. 'Yan'uwana ɗalibai, mu kuma mu ajiye girman kai mu riƙe doka, don kada mu ba iyayenmu dalilin da-na-sani. Allah ya zaunar da ƙasar Zuru lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya buɗe mana hanyoyinmu gaba ɗaya. Amin.